Irin Kabewar Yaya

Shekararta sittin da huɗu, mijinta ya rasu, kuma ta yi ritaya daga aikin shara da goge-goge a ɗakin tiyata na wani asibiti. A can ma'aikatan jinya suka raɗa mata Inna Tsaf, sunan ya biyo ta har gida. Tana zaune a gidan haya mai ɗaki biyu tare da autarta, wadda ke koyarwa a makarantar firamare. Bayan gidan akwai ɗan fili tsakanin tankin ruwa da katangar maƙwabta, in aka shimfiɗa tabarma huɗu ya cika. Tun farkon damina hankalinta a wannan filin yake kwana, a nan yake tashi.

Kabewa ce ke yaɗo a wurin. Ba irin wadda ake jibgewa a bakin kasuwa ba ce. Wannan tana da dogon wuya, bayanta toka-toka da zanen kore, cikinta ja kamar gwaiduwar ƙwai, kuma in aka ajiye ta a inuwa sai ta ga ƙarshen rani ba ta ruɓe ba. Mahaifiyarsu ce ta zo da irin, ba wanda ya taɓa tambayarta inda ta samo shi. Da ta rasu, yayar Inna Tsaf ta ci gaba da shukawa a bayan ɗakinta, kowace shekara tana ware kabewa ɗaya ta iri. Inna Tsaf ba ta taɓa sa hannu ba. Nata ci ne kawai, in Yaya ta aiko.

Bara idanun Yaya suka ƙarasa rufewa. Ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki, ya sauke ta a hawa na huɗu na wani bene, inda babu ƙasa sai wadda takalmi ya kwaso. Aka sayar da tsohon gidan, wanda ya saya ya malale tsakar gidan da siminti har gindin katanga. Ranar tafiya, ana ɗora kaya a mota, Yaya ta lalubo hannun ƙanwarta ta damƙa mata wata tsohuwar kwalbar magani.

"Ga kabewar Iya," ta ce. "Iyakar irin ke nan, babu shi a hannun kowa. Kada ki zuba shi duka a ƙasa lokaci ɗaya."

"Yaya, ni fa ko barkono ban taɓa rayawa ba."

"Kin raya 'ya'ya biyar. Ita kabewa ba ta kuka, ba ta zazzaɓi. Riƙe."

Wanda zai gane abin da ya biyo baya sai ya san aikin da Inna Tsaf ta yi. Shekara talatin ita ce take fara shiga ɗakin tiyata, gari bai gama wayewa ba. Takan goge daga sama zuwa ƙasa, daga lungu zuwa ƙofa, ba ta maimaita tsumma a wuri biyu. Ta taɓa ganin an ɗage aikin wani mara lafiya saboda ƙuda guda ɗaya da ya sauka a kan tiren kayan aiki, ta ga fuskar matar mutumin da aka fito aka faɗa mata. Daga ranar ta riƙe abu biyu: duk abin da ke tashi ko rarrafe ba shi da wuri kusa da abin da ake jinya, kuma tsafta da sassafe ake yinta, kullum, ba sai an ga datti ba. Har yau in ta shiga gidan mutane idonta kan kusurwar silin yake fara sauka.

Da ruwa ya sauka ta yi yadda aka ce mata. Ta haƙa ramuka, ta cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ta shuka rabin irin. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, ganye bibbiyu kamar an buɗe tafin hannu. Wata safiya ta fito ta tarar da su kwance, gyare ya datse su daga gindi kamar da reza. Ta daɗe a tsugune tana juya guntayen a hannunta. Ba ta jira ta yi shawara da kowa ba, tsoro ya sa ta juye sauran kwalbar a ramukan a ranar. Sai da ta rufe ƙasa sannan maganar Yaya ta dawo mata.

Wannan karon ta yanke gindin gorunan ruwa na roba ta kifa wa kowane tsiro kamar zobe, ta zagaye da toka. Dabarar ta yi aiki. Amma irin ya kwana biyu a kwalba, da yawa bai tsiro ba. Gindi uku ne suka rayu. Kwalbar kuwa ta wanke ta, ta kife a kan taga, babu komai a ciki.

Da kabewar ta fara miƙa hannuwa sai ƙwari suka zo. Wasu ƙanana ne kore-kore, suna manne a bayan ganye suna tsotse ruwansa har ya nannaɗe. Wasu jajaye ne, suna huda ganyen kamar rariya. Ta je kasuwa wajen mai maganin ƙwari, ya ba ta kwalba da gorar feshi, ya ce murfi ɗaya, da yamma, kuma ta bar tazara mai yawa tsakanin feshi da feshi. Ta saurare shi har ya gama. A hanyar gida ta auna maganar da abin da ta sani. Da yamma ai ƙwaro ya riga ya ci rabonsa. Tazara kuma, wa ya taɓa goge ɗakin tiyata yau ya ce sai wani makon? Sai ta rage ƙarfin maganin, ta mayar da shi na kullum. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta sa safar hannu, ta bi ganye ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Ta share duk busasshen ganyen da ya faɗi, ta tuge ciyawar jikin katanga har da masu ƙananan furanni, ta kakkaɓe yanar gizo-gizo.

Ƙwarin suka ɓace. Ganye ya yi faɗi ya yi duhu, yaɗo ya hau tankin ruwa ya leƙa gidan maƙwabta. Ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Direba saboda ya tsufa a tuƙin motar haya, yakan biyo da hantsi ya sha shayi. Ya tsaya a bakin filin ya riƙe ƙugu.

"Likita, wannan gona ce ko ɗakin haihuwa? In cire takalmi?"

"Cire. Kuma kada ka taɓa mini ganye da hannun nan naka na baƙin mai."

"Ni dai a ajiye mini babbar. Wana ya bar mini wasiyya, duk abin da ya fito daga bayan gidan nan da rabona."

"Wanka bai bar maka komai ba sai surutu."

A lokacin tana iya dariya. Furanni sun fara buɗewa, manya, rawaya, kowace safiya sababbi. Na farkon duk a kan dogon siririn kara suke, su buɗe da asuba su yanƙwane kafin rana ta take. Daga baya wasu suka fito masu ɗan ƙullutu a ƙarƙashi, ƙaramar kabewa sak, har da wuyanta. Ranar da ta ga na farko sai da ta kira Auta daga ɗaki ta zo ta gani.

Ƙullutun bai girma ba. Ya tsaya yadda yake, ya koma rawaya daga baki, ya yi laushi, ta taɓa shi ya faɗo a tafin hannunta. Na biyu ma haka. Na uku ta ƙi taɓa shi, ya faɗi da kansa.

Ta yanka ɗaya da wuƙa ko za ta ga tsutsa. Babu komai. Ta ce to ƙwaron da ido ba ya gani ne, irin wanda likitoci ke tsoro, ta ƙara ƙarfin maganin. Yanzu har cikin furen take cusa bakin gorar ta fesa, tun yana buɗewa. Direba ya ce yunwa ce, mota ma ba ta hawa tudu ba mai, ya kawo mata takin zamani a leda. Ta zuba. Ganye ya ƙaru, 'ya'ya suka ci gaba da zubewa. Auta ta duba a wayarta, ta karanto mata cututtukan kabewa iri-iri, kowace da hotonta, kuma kowane hoto sai Inna Tsaf ta ga kamar nata ne. Ta ce wa Auta ta kashe wayar.

Abinci ya daina yi mata daɗi. Tana wanke-wanke sai ta tsinci kanta a bakin filin da kumfa a hannu. Ta fara tara 'ya'yan da suka zube a cikin wani kwano, ita kanta ba ta san amfanin tarawar ba.

Yaya takan kira a ƙarshen mako, in ɗanta yana gida ya danna mata lamba. Bayan gaisuwa tambayar ɗaya ce.

"Ya kabewata?"

"Tana nan, Yaya. Ganye kamar tire. Ta hau tanki."

"Ta yi fure?"

"Fure kam ba a magana."

"Madalla. To 'ya'ya sai su biyo."

Inna Tsaf ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta faɗi gaskiya ba. Ran nan ta gama, ta ajiye wayar. Auta tana gyaran takardun ɗalibai a kan tabarma, ba ta ɗago ba ta ce, "Inna, ki faɗa mata mana. Ita ta san abin nan."

"In ce mata me? Matar da aka raba da gidanta, aka raba da idonta. Abu ɗaya ta ba ni ajiya. In ce mata na juye kwalbar duka?"

"Ai ko ba ki faɗa ba, rani zai faɗa."

Ta san haka ne. Damina ta fara ja da baya. Tsofaffin ganyen suka yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, gefensu ya fara bushewa. Gindi ɗaya, na kusa da tanki, ya yi yaushi da rana bai farfaɗo da yamma ba, ta tuge shi. Saura biyu, su ma furanni masu ƙullutu sun fara ƙaranci a jikinsu. Kabewa kuma, ko ta kama, tana buƙatar makonni kafin ta ƙosa ta yi irin da zai tsiro. Wannan lissafin ba sai an koya mata ba.

Wata safiya wayar ta yi ƙara tana tsaye a filin, gorar feshi a hannu. Ba ƙarshen mako ba ne. Ta ɗauka wani abu ya sami Yaya.

"Lafiya lau nake," in ji Yaya. "Matar ɗana ce ta danna mini. Na tashi da kewar ƙasa ne. Kina ina?"

"Ina wajen kabewar."

"Yauwa. Furen ya buɗe ko? Kai wayar kusa da shi in ji."

"Ki ji me, Yaya?"

"Ke dai kai."

Ta sunkuya ta kara wayar a bakin wani babban fure da bai daɗe da buɗewa ba. Ruwan magani yana ɗiga daga gefensa. Can nesa wani yana tayar da babur, tankin ruwa yana ɗiga a kan dutse. Ta mayar da wayar kunnenta.

"Matsa wani furen," in ji Yaya.

Ta matsa. Ta daɗe a sunkuye har bayanta ya riƙe.

"Ƙanwata, ina ƙudan zuma?"

"Ƙudan zuma kuma?"

"A gidana war haka ba kya jin maganar mutum sosai a bayan ɗaki. Tun idona bai gama tafiya ba da kunne nake sanin fure ya buɗe. Nan kuwa shiru kamar ɗakin da aka kulle. Ba sa zuwa?"

Inna Tsaf ta dubi gorar da ke hannunta. Ta tuna farkon fure, yadda takan tarar da su a cikin furen sun yi buɗu-buɗu da rawayan gari, ta fesa musu, su faɗo suna juyi a ƙasa, ta share su da tsintsiya ta zuba a kwandon shara. Ta tuna har daɗi take ji in ta ga wurin ya yi fes.

"Da suna zuwa," ta ce a hankali. "Na kore su."

Daga nan maganar ta zubo gaba ɗaya: gyare, kwalbar da ta juye, feshin kowace asuba, kwanon 'ya'yan da suka zube, gindin da ya mutu. Yaya ba ta katse ta ba.

"Duka kika shuka," in ji Yaya.

"Duka."

"Babu ko ƙwaya ɗaya a gindin kwalbar?"

"Na wanke ta, Yaya."

"Ai na san kin wanke ta." Yaya ta ja numfashi. Muryarta ta yi rauni, sannan ta dawo. "To saurara, kuka ba zai sa kabewa ta kama ba. Furen nan iri biyu ne. Mai dogon kara namiji ne, mai ƙullutu mace. Ƙudan zuma ne ke kwasar garin namijin ya kai wa macen, in bai kai ba ɗan ya zube. Ba cuta ba ce. Kin kashe 'yan aike ne."

"Yanzu ya zan yi? In na daina feshin za su dawo?"

"Za su dawo, amma ba da wuri ba, ke kuma ba ki da lokaci. Akwai shekarar da ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙudan zuma suka ƙi fita. Na ga abin da Iya ta yi. Ke za ki zama ƙudan zuman."

Ta bi da ita dalla-dalla. A tsinko namijin da ya buɗe a safiyar, ba na jiya ba. A yage rawayan ganyen furen a bar sandar tsakiya mai gari. A buɗe macen a hankali, a goga sandar a kan abin da ke tsakiyarta, ko'ina, har sai an ga garin ya manne. In da hali a yi da namiji biyu. Kuma da sassafe, domin macen safiya ɗaya tak take buɗewa, in rana ta ɗaga ta rufe, ta rufe ke nan.

"Ƙwarin bayan ganye fa?"

"Ki murje su da yatsa. In sun yi yawa, ɗan sabulu kaɗan a ruwa, da yamma, bayan fure ya rufe, kuma a ganye kawai. Jajayen ki tsince su da safe tun suna sanyi ki jefa a ruwan sabulu. Ganyen da ya yi farin nan sosai ki yanke ki fitar da shi daga gidan. Ruwa a gindi za ki zuba, ba a ka ba. Takin nan na Direba kuma ki bar shi haka, ganye kawai yake ƙara miki. Kuma don Allah ki bar tsintsiya ta huta. Gona ba a son ta fes."

A ranar babu macen da ta buɗe. Inna Tsaf ta bi yaɗon a durƙushe tana ɗaga ganye, ta sami guda biyu da ba su kai ba, ɗaya ta fara yin rawaya a baki, ɗaya ƙarama ce can ƙarshen reshe. Ta juye sauran maganin ƙwarin a kwalbar da ya zo a ciki ta ɗaure, ta ba Direba ya mayar wa wanda ya sayar mata. Ta yi ta ɗauraye ganyen da ruwa zalla.

Ta farkon ta buɗe washegari, cikin ruwan sama. Tun kafin asuba yake zuba. Ta fita da lema, ta tarar furannin maza sun cika da ruwa kamar kofuna, garin ya jiƙe ya zama tabo. Ta goga hakanan. Ba a jima ba ƙullutun ya fara rawaya daga baki. Ta san launin tun daga nesa.

Saura ɗaya.

Yaya ta ce in ta ga bakin furen ya yi rawaya da yamma, to gobe zai buɗe, ta rufe shi kada ruwa ya shiga, ta rufe maza biyu ma. Kowace yamma Inna Tsaf tana durƙushe gaban furen tana duban bakinsa. Direba ya zo ya same ta a haka, ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarta ya fasa. Ya koma mota ya ɗauko wata tsohuwar leda mai kauri da sanduna, ya kafa wa reshen 'yar rumfa.

"Ga ɗakin amarya," ya ce. "Saura ango."

"Direba, in wannan ta zube ban san da wane baki zan yi wa Yaya magana ba."

"Da wanda kika yi mata ran nan. Ai ba ta cinye ki ba." Ya gyara sandar. "Ki ci abinci, Likita. Mai jinya ba ya jinya da yunwa."

Ranar da bakin ya yi rawaya, ta kifa kofunan roba a kan maza biyu da suka kusa buɗewa, ta ɗaure da zare. Gari na wayewa ta fito. An yi yayyafi, amma ƙarƙashin rumfar a bushe yake. Macen ta buɗe, faɗinta ya kai tafin hannu. Ta ɗauko safar hannu kamar yadda ta saba, ta dube ta, ta ajiye. Ta tsinko namijin, ta yage ganyen furen, rawayan garin ya ɓata mata yatsu. Auta tana tsaye a bayanta riƙe da waya, Yaya tana kan layi.

"Kin ga garin?"

"Na gani. Ya bushe, yana zuba."

"To goga. A hankali, ba bango kike wankewa ba."

Ta goga, ta juya sandar ta kowane gefe. Ta ɗauko na biyun ta maimaita. Tsakiyar macen ta rine da rawayan garin. Ta haɗe bakin furen ta ɗaure da zare sako-sako, kamar yadda aka ce mata, don kada ruwa ya wanke aikin. Sannan ta miƙe.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan. Sauran ba naki ba ne. Kada ki taɓa shi, kada ki wanke shi."

Jiran ya fi aikin wuya. Furen ya yanƙwane ya rataye, kamar yadda na baya suka yi. Takan fito ta tsaya daga nesa, don tana tsoron abin da za ta gani in ta matso. Duk hasken da ya faɗa a kan ƙullutun sai ta ga kamar rawaya ne. Ta sa Auta ta duba mata, Auta ta ce kore ne, ta ce ta sake dubawa da kyau. Ta tsinke wani zare daidai kaurin ƙullutun a ranar da aka yi aikin, ta ajiye a kan taga kusa da kwalbar. Sau da yawa ta ɗauko zaren ta mayar.

Ranar da ta yi ƙarfin hali ta zagaya ƙullutun da zaren, bakinsa biyu bai haɗu ba. Saura kamar faɗin yatsa. Ta sake gwadawa ko hannunta ne ya karkace. Bai haɗu ba. Ta zauna a kan dutsen gindin tanki, zaren a hannunta.

Yaya da ta ji ba ta yi guɗa ba. Ta ce, "To ta kama. Yanzu ki ji sauran." Akwai wani ƙaramin ƙuda mai huda ɗanyar kabewa ya zuba ƙwai, ta ruɓe daga ciki. Akwai damshin ƙasa, akwai ɓera. Kuma ba za a tsinke ta ba sai karanta ya bushe ya yi kamar itace, farce ya kasa shiga bayanta. Kafin nan dole gindin ya rayu, ga farin nan yana cin ganye. Inna Tsaf ta saurara, ta ji tsoron da ya sauka yana sake hawa, amma wannan karon ta san sunan kowane abu da take tsoro.

Filin ya canja kama. Busassun ganyen da ba su da cuta suna nan a gindin kabewar suna riƙe damshi, ciyawa ta fara tsirowa a jikin katanga, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin tanki da rumfar Direba. Duk lokacin da ta wuce sai hannunta ya yi ƙaiƙayi. Ta ɓoye tsintsiyar a bayan ƙofar kicin don kada ta riƙa ganinta. Ta ajiye faranti da ruwa da tsakuwa a ciki, saboda Yaya ta ce ƙudan zuma na son inda zai sha bai nutse ba. Shekaranjiya guda ɗaya ya zo, ya shiga wani furen namiji ya daɗe. Kafin ta ankara ta cire silifas ɗinta ta ɗaga. Ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ta mayar da shi, ta haɗa hannuwanta a baya har ya gama ya tashi.

Kabewar yanzu ta kai tsawon hannun jariri, zanen koren ya fara fitowa a wuyanta. Ita kaɗai ce. Ganyen da ke ciyar da ita ba su da yawa, biyu daga ciki sun fara fari a gefe. Inna Tsaf ba ta ce wa kowa an tsira ba, kuma in Direba ya tambayi rabonsa sai ta ce ya jira a ga iri tukuna.

Yau da safe ta tsince jajayen ƙwari da hannu, ta zuba ruwa a gindi. Ta ɗaga kabewar a hankali ta zura fasasshen tayil a ƙarƙashinta don kada ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta yanko ƙyalle daga tsohon gidan sauro, ta lulluɓe ta da shi, ta ɗaure bakin a jikin kara, ta bar wurin da za ta girma. Sannan ta ɗauko kwalbar daga kan taga, ta duba ko ta bushe sarai, ta rufe murfin ta mayar.